Ba Nononki Ba Ne, Inna

Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, sai dai ki juya ta gaba da baya ki ce in karanta miki da sauri, tuwo na kan wuta. To yau babu tuwo a kan wuta, babu kuma inda za ki. Ki yi haƙuri ki saurare ni har ƙarshe, don maganar da nake ɗauke da ita taki ce, kuma na rasa inda zan sauke ta.

Mutanen gida suna nan. Baba yana fita kasuwar shanu kamar kullum, sai dai gwiwa ta hana shi zagayen garke, a rumfa yake wuni dillalai suna kawo masa magana. Yayarsa Goggo Dije ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma bakin nan yana nan yadda kika bar shi. Dalbejiyar da kika dasa a ƙofar ɗakinki ta wuce katanga. Ƙwaryarki ta tatsa tana rataye inda kika rataye ta, Baba ya hana kowa taɓawa, har gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Babban labarin shi ne na haihu, Inna. Namiji. Kin tuna Modu, wanda kika ce duk faɗin Maiduguri na rasa wanda zan kwaso miki sai Babarbare, kika kuma riƙa ɓoye masa kindirmo mai kyau a bayan randa? Ya sa wa yaron sunan mahaifinsa, shi ya sa danginsu ke ce masa Babagana, ni kuwa Gana nake ce masa. Ya shiga wata na biyar. Ƙato ne, wuya duk ninki, idan ya yi dariya har idonsa ɓacewa yake yi. Da kin gan shi da kin kau da kai kin ce ba a yabon jariri, sannan ki riƙa satar kallonsa ta wutsiyar ido. Na kuma san abin da zai faɗo miki a rai da jin cewa namiji ne, don ni ma shi ya faɗo mini tun kafin a yanke cibiya.

Ban san Buba ba, ɗanki na fari, wanda kunya ta hana ki kiran sunansa yana raye, baƙin ciki kuma ya hana ki bayan ya tafi. A ruga ya rasu, can wajen Konduga, kafin ku sayar da rabin garke ku shigo gari. A bakin Goggo na ji labarinsa: an haife shi kamar ɗan maraƙi, ya yi wata shida ko atishawa babu, sannan kunne ya fara ruwa, ƙirji ya kama, gudawa ta biyo baya, bai kai yaye ba. Daga shi sai ni, na sha nono har na ƙoshi, na tashi da ƙashi kamar na jaki, ko zazzaɓin damina ba ya kayar da ni. Daga ni sai Hammadu. Shi ina iya tuna warin kunnensa, da yadda kike naɗa auduga a tsinke kina share masa, kina yi masa waƙa da Fulatanci a hankali don kada a ji.

Ranar da Goggo ta zo da ƙoƙo ina nan, ina zaune a bakin turmi. Ta sa kika tatsa nononki a ciki, ta tsinto tururuwa a gindin bango ta jefa. Matan gida suka kewaye ƙoƙon. Ƙa'idar kowa ya san ta: idan tururuwa ta iyo ta fita, nono lafiyayye ne, idan ta nutse, nono mugu ne. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta zagaya, ta zagaya, sannan ta yi shiru. Goggo ta ɗago ta yanke hukunci, wai nononki na mata ne, yana raya mace yana cin namiji. Wa zai musa mata? Mu mutanen nono ne. Da nono muke sanin saniya ta gari, da nono muke sanin makiyaya mai kyau, da nono muke rantsuwa. Idan abu ya lalace a gidanmu, nono muke fara tuhuma, yadda masunci zai fara tuhumar ruwa. A ranar aka cire Hammadu aka ɗora shi a kan nonon akuya. Bai ga wata damina ba.

Da aka haifi Saleh ba a ma jira tururuwa ba. Baba da kansa ya ɗauke shi daga cinyarki ya miƙa wa Goggo, aka riƙa ba shi nonon saniya da cokali. Aka ɗaure miki ƙirji da tsumma. Ina ganin gaban rigarki yana jiƙewa duk lokacin da ya yi kuka a ɗakin Goggo, ke kuwa kina tankaɗe, fuskarki kamar ba ki ji ba.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Na gan ki, Inna. Bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, Goggo tana minshari a ƙarƙashin rumfa, kina lallaɓawa ki ɗauko shi ki shiga ɗakin buhunan dusa. Wata rana na bi kaza na leƙa, na gan ki durƙushe a bayan buhu, kin kwance tsumman, yana tsotsa har yana haɗiya da ƙara, ke kuma kina kuka babu sauti, bakinki yana motsi da istigfari. Ba sau ɗaya ba ne, ba sau goma ba. Daga baya har tsayawa nake yi a bakin ƙofa ina wasa da gwangwani, don idan Goggo ta motsa in buga shi. Ba ki san kina da mai gadi ba. Ban gaya wa kowa ba, har yau da nake rubuta wannan.

Saleh ya fi su daɗewa. Ya yi tafiya, ya yi magana, ya iya kiran shanu da bakinsa, yana ce mini Intu don bai iya Bintu ba. Amma tsakanin kowane ciwo da ciwo hutun kaɗan ne, kuma ƙirjin ne ya tafi da shi yana gab da shiga makarantar allo. Ranar ba ki yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yaba haƙurinki. Ni kaɗai na san abin da kika ɗauka. Su suna cewa ƙaddara ce, tunda an kiyaye shi daga nonon. Ke kuwa kin san ba a kiyaye ba. Daga ranar ba ki ƙara ɗaukar ɗan kowa namiji ba, ko a gidan suna sai ki naɗe hannu a cikin mayafi ki ce kina mura. Kika bar dama fura, kika bar kaɗa mai. A ciwonki na ƙarshe kin riƙe hannun Baba kina roƙon ya yafe miki wani abu da kika ƙi faɗa, shi kuma yana ta cewa ya yafe, bai san me yake yafewa ba. Ina tsaye a wurin, na sani, kuma a lokacin ba ni da hujjar da zan ba ki, zato kawai nake da shi.

Kin sha tambayata me nake karantawa haka da ba ya ƙarewa, ga shi ban zama likita ba, ban zama nas ba, ko allura ban iya yi wa mutum ba. Nakan yi dariya in ce ilimin maiƙo nake yi, ki ce ai da na zauna a gida kin koya mini kyauta. Bari yau in gaya miki da gaske, da kalmomin da za ki gane.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, muna ce musu ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana da bango, kuma bangon na maiƙo ne, ɗan'uwan man shanun da kike kaɗawa a da, siriri ƙwarai, ninki biyu. A cikin ɗakin akwai ma'aikata iri-iri da ake kira furotin. Idan jiki zai aiko da saƙo, saƙon ba ya shiga ciki, a bango yake tsayawa. Dole ma'aikacin da abin ya shafa ya taso ya zo bangon ya karɓa. To yaya zai san lokaci ya yi? Yaya kuma zai tsaya a jikin abu mai santsi?

Ki tuna dangwali a ruga, doguwar igiyar nan mai madaukai a jere da ake ɗaure maruƙa kafin tatsa. Maraƙin da ke kan dangwali an san inda yake, idan aka zo kan uwarsa a kwanto shi, ya tsotsa, nono ya sauko. To haka bangon yake yi. Da saƙo ya iso, sai a ɗauki wani maiƙo na musamman da ke fuskar bangon ta ciki, a liƙa masa wani ɗan abu da ake kira fosfet a ka, har su cika uku. Shi ke nan ya zama madauki. Ba ya daɗewa, don akwai wani ma'aikacin da ke biye yana kwancewa, kada saƙo ya wuce kima. Shi kuwa furotin ɗin da ake kira yana da wani sashe a jikinsa wanda ba shi da aikin komai sai kama maiƙo. Sassan nan iri-iri ne. Wani ba ya kamawa sai sinadarin kalsiyam ya taimaka masa, wani yana nutsa kansa cikin maiƙon, wani kuma maiƙon can ƙuryar ɗaki kawai ya sani, bai san na bangon waje ba. Ta haka kowane ma'aikaci yake sanin wurinsa da lokacinsa. Wanda na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, masana suna ce masa PH.

Na san siffarsa fiye da yadda na san tafin hannuna. Zare ne mai ƙulli ɗari da 'yan kai, ya nannaɗe kansa: layi bakwai shimfiɗaɗɗu sun haɗu kamar hannu biyu da aka haɗa za a kamfaci ruwa, ɗaya murɗaɗɗe ya toshe gindin. A bakin akwai ɗan aljihu, kuma wasu ƙulle-ƙullen da ke cikin aljihun suna jan fosfet yadda maganaɗisu ke jan allura. An auna aljihun daidai da kai mai fosfet uku. A kwamfuta nake ganinsa, ina juya shi ta kowace fuska, don a ɗakin gwajinmu firiji ya fi kwana a mace fiye da a raye, abin da duk ka ajiye sai ka dawo ka tarar ya lalace. Ɗalibaina suna hamma idan na zana shi a allo, suna fifita da takardunsu, suna jira in tashi. Ba na jin haushinsu. Su jarrabawa suke gani a wurin.

Ni ma jarrabawa nake gani, har ranar da wani malaminmu, ina ɗaliba, ya ambaci wata cuta a ƙarshen darasi, yana ma tattara takardunsa. Ya ce akwai furotin da ke cikin ɓargo, wanda idan aljihunsa bai kama maiƙon ba, ƙwayoyin da ya kamata su girma su riƙa ƙera wa jiki garkuwa ba sa girma. Ya ce maza take kamawa, iyayensu mata lafiya lau. Ya ce yaron yakan yi wata shida kamar ba abin da ke damunsa, sannan kunne, sannan ƙirji. Ban san lokacin da na fita daga ajin ba. Na samu gindin bishiya na zauna, sai ga wata tambaya da ban taɓa yi wa kaina ba: me ya sa ba ni da kawu ko ɗaya? Kin taɓa cewa mahaifiyarki ta haifi maza, babu wanda ya yi gemu. Ita ma an ce mata nononta ne?

Zato ba hujja ba ne, kuma matattu ba a ɗibar jininsu. Na gaya wa Modu zatona tun kafin aure, ya ce rai da cuta na Allah ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai da Gana ya zo aka samu wanda za a gwada. Bayan arba'in wata likitar yara da muka yi karatu tare ta ɗibi jininsa da nawa ta aika nesa, don a nan ba a yin irin gwajin. Amsa ta dawo. A jininsa babu waɗancan ƙwayoyin, kusan ko ɗaya. A aljihun nan kuwa ƙulli guda ne aka musanya, ɗaya daga cikin masu jan fosfet. Furotin ɗin yana nan, Inna, ba ɓata ya yi ba, sauran jikinsa ƙalau. Madaukin ma yana fitowa a kan lokaci. Kamawar ce babu. Yana ta yawo a tsakar ɗaki kamar maraƙin da ya ƙi dangwali, saƙo na jiransa a bango har a kwance madaukin. Abin da ya cinye miki 'ya'ya uku ke nan.

Don haka ki ji da kyau. Ba nononki ba ne. Bai taɓa zama nononki ba. Wata shidan nan da suke yi lafiya, kin san daga ina? Daga gare ki. Tun suna ciki kike zuba musu garkuwar jikinki ta mabiyiya, suka fito da ita kamar guzuri, suna ci har ta ƙare, nasu kuma bai zo ba. Nonon da kika saci jiki kika ba Saleh a bayan buhu yana tsare masa hanji, yana rage masa gudawa. Ba zan yi miki ƙarya in ce da an bar miki su da sun rayu ba, nono kaɗai ba zai iya ba. Ba ni kuma da hujjar cewa shi ya sa Saleh ya fi su daɗewa. Amma ko ɗigo ɗaya bai cuce shi ba. Shekara nawa kika yi kina istigfari a kan abin da lada ne?

Na so in tsaya a nan, in rufe takardar, in ce na wanke ki. Amma ke ba ki koya mini rabin magana ba. Abin ta wurinki ya biyo. Ba a nono yake ba, a cikin gadon halitta yake, a wani kundi da mace ke da guda biyu, ɗaya na uwa ɗaya na uba, namiji kuwa ɗaya tak gare shi, na uwarsa. Ni na Baba ne ya rufa mini asiri, kamar yadda na mahaifinki ya rufa miki. Su Buba ba su da na biyun da za su jingina da shi. Kin karɓa daga mahaifiyarki ba ki sani ba, kika ba ni ba ki sani ba, ni kuma na ba Gana ina zato. Kowane ciki na namiji, ko ya ɗauka ko ya tsira, kamar jefa kwabo. Da na karanta amsar na ji haushinki na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba, sannan na tuna ba ki da laifin da ni ba ni da shi.

Bari in ba ki abin dariya, idan dariya ce. Kwana biyu da haihuwar Gana sai ga Goggo a keke napep, da sandarta da ƙoƙonta, wai ba za ta bari a maimaita ba. Uwar mijina Ya Kellu da 'yan'uwanta suka taru suna kallon al'adar Fulani. Ni da digirina, ni mai koyar da manyan ɗalibai, na kwance zane na tatsa mata. Idonta ba ya gani, sai wata ta tsinto mata tururuwar. Inna, na riƙe numfashi. Tururuwar ta iyo, ta kama gefen ƙoƙo, ta fita tana jan ƙafa. Aka rangaɗa guɗa. Goggo ta yi hamdala ta ce mugun nono ya bi mai shi kabari. Kin san abin kunyar? Na yi murna. Har cikin raina na yi murna, na kwana da sauƙin zuciya, alhali na san tururuwa ba ta san komai ba sai neman gefen ƙoƙo.

Yanzu tururuwar nan ce ta tsaya mini a wuya. Wadda ta nutse ta sa aka raba ki da 'ya'yanki, wadda ta fita kuma ta sa babu mai yarda ɗana ba shi da lafiya. Akwai magani, Inna, abin da ku ba ku samu ba. Garkuwa ce da ake tacewa daga jinin mutane masu yawa, a sa wa yaro ta jijiya kamar ƙarin ruwa, duk bayan 'yan makonni, har iya rayuwarsa. Ba warkewa ba ce, aro ne bayan aro, amma masu samunta suna girma, suna gemu. Likitar ta ce a fara tun guzurin da na ba shi bai ƙare ba, kada a jira huhu ya fara lalacewa. Ba a samunta a garin nan, sai an yi oda daga nesa, a cikin ƙanƙara, a kan hanyar da kin san halinta. Ya Kellu ta ce ba za a ɗura wa jikanta jinin mutanen da ba a san asalinsu ba, yaro kamar tulu, ga shi an gwada nono a gabanta. Ta ce boko ne ya hau mini kai, ina neman ciwo da fitila. Modu ba mugu ba ne, ya karanta takardar sau da yawa, amma yana ɗaga ido ya ga yaron yana wasa da ƙafarsa sai takardar ta zama takarda. Ya ce mu ɗan jira mu ga ko wani abu zai nuna. Yaya zan fahimtar da shi cewa nunawar ita ce abin da nake gudu?

Da na rasa mafita na tafi wurin Baba a rumfarsa, bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa. Na ɗauka zan sha wahalar bayani. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu. Ya ce kakansa ya taɓa riƙe wata jar saniya, 'ya'yanta mata lafiya, jikokinta mata lafiya, amma maruƙa maza na layinta ba sa ganin damina biyu. Ya fara faɗin abin da makiyayi ke yi da irin wannan layin, sai ya dube ni ya haɗiye sauran. Na san sauran, ni ma 'yar ruga ce: mahauta ake kira. Can ya tambaye ni ko nono yana da hannu a ciki ko kaɗan. Na ce babu. Ya sake tambaya, na sake cewa babu. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ban gaya masa maganar bayan buhu ba, wannan taki ce. Amma tun ranar an ce ko an dama masa fura ba ya sha.

Kin san Baba bai taɓa taka gidana ba tun da aka kawo ni, kunyar surukai ba ta bar shi ba, ko a hanya ya hango Ya Kellu sai ya sauya layi. Ranar Juma'ar da ta wuce sai ga shi a zaurenmu da babbar riga. Ya zauna a gaban surukansa, Bafulatani da furfurarsa, ya kira sunayen 'ya'yansa uku ɗaya bayan ɗaya, har da na Buba, ya faɗi yadda kowanne ya fara da yadda ya ƙare. Ya ce shi ya ɗauke ɗa daga cinyar uwarsa saboda tururuwa, kada su bar nasu saboda tururuwa. Ya ce karsanar da ya ba Gana ranar suna da duk abin da ke bayanta na maganin ne. Ya Kellu ta yi masa godiya irin ta manya, ta sa aka kawo masa shayi, ta ce za su yi shawara. Ni dai ban jira shawarar ba, a ranar na ce wa likitar ta yi odar.

Goggo kuwa ban gaya mata komai ba. Na yi niyya, har na shirya maganganun da zan jefe ta da su, masu zafi, na shekara da shekaru. Na je na same ta tana lallube tana neman carbinta, ta ji muryata ta hau tambayar Gana, tana ta sa masa albarka. Ita har gobe gani take yi ta yi ƙoƙarin ceton 'ya'yan ƙaninta. Na miƙa mata carbin na fito. Ban yafe ba tukuna, Inna, kada ki ce na yafe. Na dai rasa inda zan soka wuƙar.

Yau da safe ina yi wa Gana wanka ya kai hannu kunnensa na hagu ya ja. Na ce wasa ne. Ya sake ja, ya yi ƙara. Na taɓa bayan kunnen na ji zafi, na kai hancina, sai ga warin Hammadu, shekara da shekaru bai canza ba. Na miƙa wa Modu shi. Ya shinshina, ya dube ni, fuskarsa ta zube. Yanzu ya yarda. Ya Kellu kuwa ta shiga ɗaki da carbinta. Mun je asibiti an ba shi maganin kunnen, amma garkuwar ba ta iso ba, an ce tana hanya, an ce motar ta kwana a wani gari, an ce ƙanƙarar za ta kai. Modu yana tasha tun azahar yana jira.

Ni kuma ina zaune a tsakar gida, a fili, inda kowa ke wucewa. Gana yana kan cinyata, jikinsa da ɗumi, yana tsotsa yana haɗiya da ƙara irin ta Saleh, ina rubutu da hannu ɗaya a kan gwiwa, shi ya sa layukan suka karkace. Babu buhu, babu tsumma, babu mai buga gwangwani. Abin da na ba shi tun yana ciki ya kusa ƙarewa, na sani, kuma wannan da yake sha ba zai isa ba. Ina ba shi duk da haka, kamar yadda kika yi.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya sauke miki abin da kika ɗauka ba naki ba. Idan Ya haɗa ki da su, ki ɗauke su duka ukun a gaban kowa, ki kira Buba da sunansa. Ki gaida mini Saleh, ki ce Intu ce. Amma ki ce musu kada su gyara wa Gana wuri tukuna, ban gama da shi ba.

Sai mun zo.

'Yarki da ta sha nononki har ta ƙoshi,
Bintu